Kafin ka ce "sai Yawunde": yadda Kotun Ƙoli ke duba ƙarar mutumin Arewa

A harabar kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa, ko ta Marwa, ko ta Ngaundere, da zarar an karanta hukunci, abin da ke fara fita daga bakin wanda aka kayar shi ne, "Wallahi sai mun je Yawunde." A ransa yana ganin can za a sake baje maganar tun daga tushe, ya kawo dattawan unguwa su shaida gonar ta kakansa ce. Kotun Ƙolin Kamaru ba haka take aiki ba, kuma rashin sanin haka ya sa mutanenmu sayar da shanu don biyan lauya, ƙarar kuma ta mutu ba a ko taɓa zancen gonar ba.

A irin wannan ƙara, wadda takardun kotu ke kira pourvoi, ba a kiran shaidu. Hukuncin ne da kansa ake tuhuma. Dokar 29 ga Disamba 2006 da ta tsara kotun ta jera laifuffukan da za a iya kama hukunci da su: kotun da ta yanke shi ba huruminta ba ne, ko ta karya doka, ko ta murɗe ma'anar takardar da aka gabatar mata, ko ba ta ba da hujja ba, ko hujjojinta sun ci karo da juna, ko ta yi shiru kan wata buƙata da ɗaya ɓangaren ya rubuta mata. "Alƙali bai yarda da shaidata ba" ba ya cikin jerin. In lauyanka ya kasa nuna maka da yatsa layin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan a cikin hukuncin, riƙe kuɗinka.

Shigar da ƙarar ba ya buƙatar tafiya Yawunde. A ofishin magatakardar kotun da ta kayar da kai ake yi. Wa'adin kuwa gajere ne: kwana 10 a shari'ar laifi, kwana 30 a sauran shari'o'i irin su gado, aure, fili da rikicin ma'aikaci da mai gida. A shari'ar laifi da aka yanke a gabanka, lissafi na farawa ne daga yanke hukuncin. A shari'ar farar hula yana farawa ne daga isar maka da hukuncin ta hannun huissier, wato ma'aikacin da ke kai sammaci. Wannan takardar mai hatimi da ake miƙa wa yaro a ƙofar gida, ya soke ta a bayan ƙyaure har sai Alhaji ya dawo daga fatauci, ita ce ke cinye kwana talatin ɗin.

Ana biyan harajin ƙara sefa 10,000, jaka goma ke nan, sai kuɗin ajiya na kwafe fayil, wanda shugaban kotun ɗaukaka ƙara ke yanka adadinsa. A shari'ar laifi da ta ma'aikata ba a biyan harajin. Daga nan kana da kwana 30 ka sanar da sunan lauyanka, domin ba a tsayawa gaban wannan kotu ba lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi tallafin shari'a a cikin wa'adin, ya haɗa da takardar shaidar rashin ƙarfi. Dokar 14 ga Afrilu 2009 ce ta tanadi wannan tallafi, haƙƙi ne, ba roƙo ba.

Inda ƙararraki suka fi zubewa shi ne mataki na gaba. Idan fayil ya isa Yawunde, babban magatakarda zai sanar da lauya, shi kuma yana da kwana 30 ya ajiye takardar hujjoji, mémoire ampliatif. Ya wuce wa'adi, ƙara ta faɗi. Ya rubuta ta a dunƙule, bai kawo ayar dokar da aka karya ba, bai bayyana ta yadda aka karya ta ba, a yi watsi da hujjar. Mai ƙara yana can Kusseri yana jiran a kira shi, bai san an rufe zancen tun bara ba. Saboda haka ka nemi kwafin wannan takarda mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata, ka ajiye a wurinka. Lauya na kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Ka kuma sani cewa a shari'ar kuɗi da dukiya, kai ƙara Kotun Ƙoli ba ya tsayar da zartar da hukunci. Sai an rubuta buƙata ta daban ga shugaban kotun ana neman dakatarwa, in ba haka ba ana iya kwashe kayan shago ƙara tana tafiya. 'Yan kasuwa kuma su lura: in rikicin ya shafi dokokin kasuwanci na OHADA, wato dokokin bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka, har da Kamaru, ke bi, kamar umarnin biyan bashi, kama kaya ko hayar shago, kotun ƙarshe tana Abijan ne, ba Yawunde ba, wa'adinta wata 2.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar gado da aure, don nan ne kotun ta fi taɓa gidajen Musulmi. Yawancin shari'o'inmu na iyali suna farawa ne a kotun gargajiya ta matakin farko, tribunal de premier degré, wadda dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara. Wannan kotu da al'adar masu shari'a take hukunci, tare da mataimaka biyu masana al'ada, kuma wajibi ne hukuncin ya faɗi al'adar da aka bi da abin da ta tanada. Kotun Ƙoli tana da sashe na musamman na shari'ar gargajiya, kuma matsayinta, kamar yadda ta bayyana a wani hukunci na Oktoba 1985, shi ne addini ba al'ada ba ne: al'ada ta ƙabila ce. Ma'ana, hukuncin da aka rubuta a kansa "al'adar Musulunci" kawai yana cikin haɗarin rushewa. Saboda haka Bahaushen da aka tambaye shi al'adarsa a zauren kotu, sai ya ce Bahaushe ne shi, ya bayyana yadda Hausawa ke rabon gado, ya tabbatar akwai mai wakiltar wannan al'ada a cikin mataimakan alƙali, ya kuma karanta hukuncin ya ga an rubuta. Shari'ar Yawunde a nan ake cin ta ko a faɗi, shekaru kafin fayil ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere.

A ganina wannan matsayi bai dace da rayuwar Arewa ba. Bahaushen Garwa da Bafillacen Marwa ba su da wani rabon gado da suka sani ban da na Mālikiyya, ɗaruruwan shekaru ke nan. A yankunan masu Turancin Ingilishi akwai kotunan alƙali na Musulmi da doka ta amince da su, amma a yankuna ukun Arewa, inda Musulmi suka fi yawa, sai an sakaya hukuncin addini a cikin rigar ƙabila. Sai dai in an zo kan 'ya'ya mata, kotun ta yi abin a yaba. Ta sha rushe al'adun da ke hana mace gadon ubanta, ciki har da hukuncin 1993 kan wata shari'ar fili daga Arewa maso Yamma, inda aka so a hana mace gado don ta yi aure. 'Yan'uwa maza da ke danne rabon ƙannensu mata da sunan "gida ba ya rabuwa" su sani ba su da malam, ba su da kotu.

Wasu har yanzu suna ɗora wa Kotun Ƙoli alhakin zaɓe. Da can haka ne. Ita ta bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba 1992, lokacin da Alexis Dipanda Mouelle ke shugabantarta, ta ambaci kurakuran da aka samu amma ta tabbatar da nasarar Paul Biya, kuma wannan tabo bai gama gogewa ba. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya ƙirƙiro Majalisar Tsarin Mulki don wannan aiki, amma ba a naɗa mambobinta 11 ba sai Fabrairu 2018. Shekara 22 Kotun Ƙoli tana riƙon ƙwarya. Yanzu aikinta ɓangare uku ne: shari'ar jama'a, ƙarar hukumomi, da binciken asusun gwamnati.

Gyara kuwa yana yiwuwa, mun gani. Bayan yajin aikin lauyoyin yankunan Ingilishi a 2016, dokar Yuli 2017 ta ƙara wa kotun sashen da ke duba shari'o'insu da tsarin dokar da suka gada. Abin da aka yi musu ya nuna ana iya zama a warware matsayin dokar iyali ta Musulmi a rubuce, musamman da yake kundin dokar iyali na ƙasa ya shekara da shekaru yana matsayin daftari.

Gyaran da ya fi nauyi shi ne na naɗi. Shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalai, shi ke shugabantar majalisar ƙoli ta alƙalai mai ba shi shawara kan ƙarin girma, canjin wurin aiki da horo, ministan shari'a na mataimakinsa. Bayan zamanta na Agusta 2020 an shafe shekaru ba ta sake zama ba, alƙalai suna jiran matsayi, sababbin da suka gama makaranta suna jiran aiki. Alƙalin da makomarsa ke hannun mutum ɗaya, da wuya a ce masa ya yi hukunci ba waige. Kamata ya yi doka ta tilasta zaman majalisar kowace shekara, alƙalai su zaɓi mafi yawan mambobinta.

Akwai kuma ƙananan gyare-gyare da ba sa buƙatar taɓa tsarin mulki. A riƙa wallafa duk hukuncin kotun a intanet, don lauyan Marwa ya san matsayinta kafin ya karɓi kuɗin mutum. A bar lauyoyin Arewa su ajiye takardar hujjoji a ofishin magatakardar yankinsu, tunda tsakanin Marwa da Yawunde ya haura kilomita 1,000. Kuma duk lokacin da wa'adin kwana 30 ya fara gudu, a aika wa mai ƙara da kansa saƙo a wayarsa, ba lauyansa kaɗai ba.