Abin da 720,720 ke koya wa ɗalibin lissafi

Ɗalibi da ya ga lamba mai alƙaluma shida sai ya fara doguwar rabawa, ya ci rabin lokacin jarrabawar WAEC ko NECO a kan tambaya ɗaya. Darasin farko shi ne a kalli lambar kafin a taɓa biro. 720,720 alƙaluma uku ne aka maimaita, kuma duk lamba mai wannan siffa tana fitowa ne daga 1,001. Wato 720 sau 1,001. Shi kuwa 1,001 shi ne 7 sau 11 sau 13. An gama da ukun da suka fi wahalar gwadawa.

Saura 720, wanda shi ne 16 sau 9 sau 5. Ke nan lambobin tushe, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, su ne: 2 har huɗu, 3 har biyu, sai 5, 7, 11 da 13 ɗai-ɗai.

Nan ne ake yawan zamewa. In ana son sanin lambobi nawa ne ke raba 720,720 ba saura, sai a ƙara ɗaya a kan yawan kowace lambar tushe kafin a ninka: 5 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, ya ba da 240. Wanda ya manta ƙarin ɗayan zai samu 8. Dalilin ƙarin shi ne, barin lambar tushe gaba ɗaya shi ma zaɓi ne. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke da masu raba ta har 240, kuma ita ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da komai daga 1 zuwa 16. In aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, ana samun 2,529,072, fiye da ninki uku nata.

Amma kada wannan yalwa ta ruɗi mutum. A ce manomin shinkafa a Argungu ya rasu ya bar naira 720,720 bayan an biya bashi da wasiyya. In asalin rabon, wato yawan kason da ake fara kasa gadon, 24 ne, kowane kaso 30,030 cif. To amma in ya bar mata, uwa, uba da 'ya'ya mata biyu, kasonsu 3, 4, 4 da 16 ne, an yi auli, wato jimillar kason ta haura asalin 24 zuwa 27. Shi 27 yana bukatar 3 har uku, lambarmu biyu kawai take da su, don haka kowane kaso 26,693, saura naira 9. Haka in asalin rabon 12 ne ya hau zuwa 17, saura 5 za ta rage. Wannan saurar haƙƙin magada ce, a raba ta da kobo bisa kason kowa.