Ledojin da muka tara a shekarar korona

A watan Afrilun 2020, a cibiyar ɗibar jini da nake aikin jinya a Ingila, aka ba mu sabon aiki: karɓar ruwan jinin waɗanda suka warke daga korona. Dabarar tsohuwa ce, ko a annobar murar 1918 an gwada ta. Wanda ya tashi daga ciwo, jininsa na ɗauke da sinadaran garkuwar da suka yaƙi cutar, sai a ara wa wanda ke kwance.

Ba ma ɗiba sai mutum ya kwana 28 da warkewa. Na'ura ce ke jan jinin, ta tace ruwan, ta mayar masa da jajayen ƙwayoyinsa, cikin kamar minti 45. Ruwan yakan taru a cikin leda, ɗorawa, kamar man gyaɗa. Wasu leɓensu kan yi tsami saboda maganin hana daskarewar jini, mu rage gudun na'urar. Mun fi neman maza, musamman waɗanda suka kwanta asibiti, don garkuwarsu ta fi yawa.

Akwai wani dattijo direban tasi da ya yi mako uku a gadon asibiti. Hawa matakala ma haki yake sa shi, amma duk sanda muka kira sai ya zo. Ya ce da ni, "'Yata, Allah Ya bar ni da rai, bashi ne a kaina." A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna, na ce masa ledarsa za ta ceci rai. Ba ni da hurumin wannan alƙawari.

Ana kai ledojin ne gwajin RECOVERY na Jami'ar Okisfod, wani babban bincike kan magungunan korona. A Janairun 2021 sakamako ya fito: cikin majinyata sama da 10,000, ruwan jinin bai rage mace-mace ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Daga baya na gane dalilin da ya sa ruwan bai yi aiki ba. Kafin a kwantar da mutum, kumburin huhu ne ke cinsa, garkuwar aro ta makara. A Ajantina, inda aka ba tsofaffi 160 ko ruwan jinin ko ruwan da ba magani a cikinsa cikin kwana uku da fara ciwo, an ga amfani.

A watan Maris aka dakatar da ɗiba. Ni na roƙa a bar ni in kira dattijon. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni yaushe zai iya zuwa ba da jini na yau da kullum.