Godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar karrama Baba

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau na samu na zauna, tun da aka watse taron karrama Baba muryata ba ta dawo daidai ba, saƙonni kuma sun taru a waya har na rasa na wa zan fara amsawa, don haka ku yi min uzuri in haɗa kowa a nan.

Alhamdulillah an yi lafiya an tashi lafiya. Da gangan muka sa taron 27 ga Maris saboda ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, tun 1962 ake bikinta, muka ga ba ranar da ta fi dacewa da mutumin da ya ba wannan sana'a ƙuruciyarsa da tsufansa, sama da shekara 50, daga dandali zuwa rediyo zuwa talabijin tun ana kallonta baƙi da fari, har ya zo ya ga zamanin da yara ke kallon wasa a waya. Ni yaronsa ne, da riƙon jakar kayan wasa na fara a wurinsa, kuma abin da ya daɗe yana ci min rai shi ne yadda muke jira sai mutum ya rasu sannan a cika Facebook da hotunansa ana yabo. Na ce in sha Allahu Baba da kunnensa zai ji nasa. Kuma ya ji.

Godiyar da ta fi min nauyi ta waɗanda suka taya mu neman tsofaffin ayyukansa ce. Mun ɗauka abu ne mai sauƙi, mu je inda ya yi aiki a ɗauko mana, ashe yawancinsu babu. A wancan lokacin tef ɗin ɗaukar shiri tsada gare shi, in an nuna sai a goge a ɗora wani a kai, kuma ba tashoshin da ya yi wa aiki kaɗai ba ne, BBC ma haka ta yi asarar shirye-shiryenta masu yawa na shekarun 1960 da 1970. Ranar da aka faɗa min haka na fito na zauna cikin mota na kasa tayar da ita wallahi. Sai muka sa cigiya, to nan ne fa mutane suka ba ni mamaki. Wata baiwar Allah ta kira ni ta ce marigayi mijinta duk mako sai ya naɗi shirin Baba a kaset ɗin VHS, suna nan cikin akwati ta kasa zubarwa. Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki ya haskaka kabarinsa, amanar da kika riƙe ba ki san ta mu duka ba ce.

Da muka buɗe akwatin duk sun yi funfuna, wasu ma tef ɗin ya manne. Na'urar da za ta kunna su ita ma wani aiki ce, tunda Funai na Japan, kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Ƙanina mai gyaran lantarki, ka san kanka, kai ka nemo tsohuwa ka tayar da ita, kana kwance kaset ɗaya bayan ɗaya kana gogewa a hankali kana liƙe inda ya tsinke, kuma juyawa cikin kwamfuta ba a yi masa gaggawa, kaset na awa 3 sai ka zauna masa awa 3 cur. Na miƙa maka ɗan abin da ke hannuna ka ce in na sake sai mun ɓata. Allah ya yi maka albarka ya buɗa maka.

Ranar taron, da aka kashe fitilu aka haska abin da muka juya, ni ban kalli allo ba, Baba na kalla. Ga shi can matashi ba furfura ko ɗaya, ga shi nan gefena riƙe da sanda, leɓensa na motsi yana faɗin maganar kafin na cikin allon ya faɗa, bai manta ko kalma ɗaya ba. Can sai ya ɗaga hannu ya ce a tsayar, ya nuna da sandarsa ya fara kiran sunayen abokan wasansa da ke cikin hoton, wannan ya rasu, wannan ma ya rasu, wancan ya kwana biyu a kwance, ya ce a yi musu addu'a kafin a ci gaba. Zauren ya yi tsit, ni kam hawaye ya gama wanke min fuska.

Mama, ke ma karramawar nan taki ce. Ke kika riƙa ɗinke kayan wasansa da dare, ke kika shanye maganganun masu cewa wasa ba sana'a ba ce, kika riƙe gida lokacin da yake tafiyar makonni. Allah ya ƙara miki lafiya.

Matasan da suka maimaita tsohon wasansa, kun yi ƙoƙari sosai, kuma na ji daɗin yadda kuka karɓi gyara da ya kira ku gefe ya ce in jama'a na dariya ku dakata ta lafa kafin ku jefa magana ta gaba, in ba haka ba ta ɓace a banza. Haka ya koya mana mu ma.

Mai gabatarwa, masu sauti, masu jera kujeru, 'yan jarida, da waɗanda suka haɗa gudummawar magani suka ce kada a ambaci sunansu, na gode na gode, Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka tsaya a tsaye saboda kujeru sun ƙare, ku yafe mana, ba mu zaci za a cika haka ba.

Saƙo ɗaya Baba ya ba ni. Akwai wani wasan rediyo da ya yi muryar mutum biyu shi kaɗai, uba da ɗa suna gardama, ya ce shi ya fi so ya sake ji kuma har yanzu ba mu same shi ba. Don Allah duk mai tsofaffin kaset a gida ya duba, ko ya yi ƙura ko ya tsinke kada a yar, a turo min saƙo ni zan zo in karɓa.