Ashe a jiƙe ake shafa mai

Duk shekara da Disamba ta kama, iska ta fara kaɗawa a Bauchi, ƙafata ce take fara gaya min hunturu ya shigo. Dunduniya ta yi kaushi, sai faso ya biyo baya, irin wanda in kika taka ƙasa da asuba kamar an tsaga ki da reza, ga alwala ga wanke-wanke ga shara. Bara har jini na gani a safa. Kuma wallahi ba rashin mai ba ne, loshan mai tsada na saya a kasuwar Wunti, mai ƙamshi, kullum sai na shafa.

Sai da na kai 'yata asibiti saboda ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, tana susa har cikin barci, sannan na gane. Likitar ta duba ta ta ce, "Maman yara, yaushe kike shafa mata mai?" Na ce in ta yi wanka ta ɗan sha hantsi ta bushe, ta karya, sai in shafa mata. Ta ce to ai lokacin ruwan ya riga ya gudu, me man zai riƙe?

Yadda ta min bayani, saman fatarmu kamar katangar ƙasa ce, akwai tubali akwai yaɓe, yaɓen nan wani kitse ne da jiki yake yi da kansa, shi ke hana ruwan ciki fita. Ruwa kuwa kullum yana fita ta fata ko ba a yi zufa ba. Iskar hunturu ba ta da danshi sai ta dinga zuƙe shi, mu kuma mu ƙara da tafasasshen ruwan wanka da sabulu mai ƙarfi, wasu ma da sabulun wanki suke wanka, sai yaɓen ya wanke katanga ta tsage. Babban aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ke jiki, shi ya sa ake so a shafa 'yan mintuna bayan wanka, a ɗan danna tawul kawai jiki da sauran lema.

Na tuna Inna Allah Ya jiƙanta. Haka take mana muna yara, mu fito daga banɗaki muna rawar ɗari, ta lakato man kaɗe ta kanga hannu a bakin murhu ya narke, ta mulke mu tun ruwa na ɗiga. Ba ta taɓa jin sunan wani sinadari ba amma ƙafarmu ba ta fashewa.

Su mayukan ma ba aiki ɗaya suke yi ba. Gilisarin da yuriya, sinadaran da ake sawa a cikin wasu mayukan shafawa, jawo ruwa suke yi su riƙe a saman fata. Man kaɗe da irinsu suna cike tsagun nan fata ta yi laushi. Basilin kuma murfi ne, shi babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, amma yana tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da zai fita, kuma da wuya ya ba mutum ƙaiƙayi. Masu shafa gilisarin zalla da hunturu ku kula, in iska ta bushe ƙayau babu inda zai jawo ruwa sai daga cikin fatar, in ba a rufe da mai kauri ba sai ruwan ya bi iska. Loshan ɗina kuwa yawancinsa ruwa ne, da damina ya isa, amma a Janairu kan dunduniyar da ta riga ta tsage ba abin da zai yi.

Fuska daban take. Ƙanwata da ke Gwallameji fuskarta maiƙo gare ta ga ƙuraje, sai ta daina shafa komai, tana wanke ta da sabulu sau huɗu a rana, fuskar ta koma tana sheƙi tana kuma saɓa. Irin wannan fatar mai mara nauyi take so, mai ruwa-ruwa, ban da man kwakwa don yana toshe wa mutane da yawa ƙofofin fata.

Sai rikicin da muke yi tsakanin kyasbi da ekzima. Fararen tabon nan na ƙirji da baya da wuya da muke kira ekzima, kyasbi ne, wani naman gwari ne ke kawo shi kuma maiƙo yake ci, don haka lafta mai ba ya kashe shi, maganinsa daban. Ekzima ta gaske ita ce ta 'yata, bushewa da ƙaiƙayi, ita ce mai yake zama rabin magani, sau biyu a rana ko fiye, kuma wanda babu turare a ciki.

Masu ciwon suga, iyayenmu musamman, a dinga shafa musu a ƙafa kullum don ƙaramin faso kan zama gyambo, amma kar a sa a tsakanin yatsu, wurin a bushe ake son sa.

Abin da ke ci min rai shi ne haɗin da ake sayar wa 'yan mata a robar da babu suna, a ce man gyaran fata ne alhali bilicin ne. Da yawa akwai sitiroyid a ciki, wani magani ne mai ƙarfi, wata biyu fata ta yi haske, daga baya ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta fashe, rana kaɗan ta ƙona ki. Don Allah 'yan uwa in babu rubutun abin da ke ciki babu lambar NAFDAC, a bar shi a kanti.

Ni yanzu bayan isha'i nake jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, in goge sama-sama, in shafa kirim mai yuriya, in bi da basilin, in sa safa in kwanta. Faso ya rufe cikin sati biyu. Yarinyar kuma an ba ta maganin shafawa na 'yan kwanaki, sauran duk basilin ne tun tana jiƙe, robar ma a bakin banɗaki nake ajiye ta yanzu.