Dalilin da ba na wasa da kuɗin ƙungiya

Ni nas ce a Amurka, cikin masu digiri na biyu da ke duba majinyaci su rubuta masa magani. Loretta Ford da Dakta Henry Silver suka faro karatun a Jami'ar Colorado a 1965. Amma har yau wasu jihohin sai mun ƙulla yarjejeniya da likita kafin mu yi aiki, wani lokacin har mu biya shi, alhali bai ga majinyacin ba. Abin yana min ciwo.

Ƙungiyarmu ta nas-nas masu irin aikina, AANP, da aka kafa a 2013 bayan haɗewar ƙungiyoyi biyu, ita ke bin 'yan majalisa jiha-jiha don a cire mana wannan sharaɗi. Fiye da rabin jihohin sun sakar mana mara. Tamu da saura, shi ya sa nake biya a kan kari.