Gwiwar Acuña da abin da nake dubawa kafin in ɗauki ɗan wasa

Mu goma ne a gasarmu ta fantasi ta besbol, inda kowa ke haɗa ƙungiya da 'yan wasa na gaske yana tara maki daga bajintarsu a fili, kuma in ban da mutum biyu da aiki ya kai Abuja, dukanmu mazauna Jos ne. Da gasar fantasi ta Firimiyar Ingila muka fara, sai wani abokinmu da ya yi karatu a Amurka ya ja mu zuwa besbol, wasan da a lokacin ko dokokinsa ba mu sani ba. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, a gasar Firimiya kowa yana iya sa Salah a ƙungiyarsa, amma a nan kowane ɗan wasa na mutum ɗaya ne. Ana zama rana guda a watan Maris a yi zaɓe bi da bi, wanda ya fara a zagayen farko shi ne na ƙarshe a zagaye na biyu, kuma duk ɗan wasan da ka bari ya wuce ka, sai dai ka riƙa kallonsa a hannun wani har ƙarshen Satumba. Tsarin ƙirgar da muke bi ya samo asali ne daga wanda Daniel Okrent da abokansa suka ƙirƙiro a New York a 1980, mu dai muna tara maki ne a fannoni goma, biyar na masu bugun ƙwallo da sanda, biyar na masu jifa musu shi.

A 2024 ƙuri'a ta ba ni zaɓen farko, ban kuwa yi wata-wata ba na ɗauki Ronald Acuña Jr. na ƙungiyar Atlanta Braves. Babu wanda ya ga laifina, domin a kakar 2023 ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 41, ya kuma saci tasha (wato ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) sau 73, abin da ba a taɓa haɗawa ba a tarihin wasan. Abin da na ƙi dubawa shi ne ya taɓa tsinka jijiyar gwiwarsa ta dama a 2021. A ƙarshen watan Mayu ta hagu ita ma ta tsinke, kakarsa ta ƙare bayan wasa 49 kacal. Ina barci aka tabbatar da labarin, sai da asuba ƙanena ya aiko mini da saƙo cewa, "Yaya, sai dai haƙuri, dokinka ya karye."

Tun daga ranar na sauya yadda nake karanta alƙaluma. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kusan kullum ke nan tsawon wata shida, kuma yawancin fannonin da muke ƙirgawa tarawa ake yi sannu a hankali. Saboda haka lambar da nake fara dubawa a gaban sunan ɗan wasa ita ce yawan wasannin da ya buga a shekaru uku da suka wuce, kafin in waiwayi bajintarsa. Matt Olson ya buga duka wasanni 162 a 2023, ya fitar da ƙwallo sau 54, ya sake buga duka 162 a 2024, kuma duk da an ce shekarar ba ta yi masa kyau ba, sai da ya fitar da 29. José Ramírez na Cleveland, wanda sunansa ba ya tayar da ƙura kamar na wasu, ya kammala 2024 da 39 a fitar da ƙwallo da 41 a satar tasha. Ku kwatanta su da Mike Trout, wanda a ganina yana cikin gwanayen da aka taɓa yi: wasa 36 ya buga a 2021, 82 a 2023, sannan 29 a 2024. Duk shekara sai an sami wani a cikinmu da sunan ya ruɗa, ya ɗauke shi da wuri yana cewa bana lafiyarsa ƙalau.

Masu jifa kuwa, na daina taɓa su a zagaye biyu na farko. Jifan ƙwallo da gudun da ya kusa mil 100 a awa yana cin jijiyar gwiwar hannu, kuma tiyatar da ake yi musu, wadda aka raɗa wa sunan Tommy John saboda a kansa aka fara yin ta a 1974, tana zaunar da mutum shekara guda ko fiye. Spencer Strider ya fi kowa korar masu bugu a 2023, wato fitar da su ta hanyar sa su kuskure jifa uku, da 281, amma wasa biyu ya yi a 2024 aka kai shi asibiti. Jacob deGrom ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 185 da Texas Rangers, ya yi wasa shida a 2023, kakarsa ta ƙare. Gara in jira zagaye na biyar ko na shida in kwashi matsakaita uku, idan ɗaya ya faɗi biyu su riƙe ni. Haka nan ba na sayen mai rufe wasa, wato mai jifan da ake sakawa a ƙarshen wasa ya tsare nasara, da tsada, domin koci yana iya karɓe masa aikin bayan mako biyu marasa kyau.

Masu gudu zalla, waɗanda satar tasha ce kaɗai sana'arsu, su ma darajarsu ta faɗi tun da aka ƙara girman tashoshi aka kuma taƙaita wa mai jifa yawan juyowa ya tsare mai gudu a 2023, domin yanzu kowa yana sata. Akwai kuma batun filin Coors da ke Denver, mai tudun kusan mita 1,600, wato ya ɗara Jos ɗinmu mai kimanin 1,200. Iskar can ba ta da kauri, ƙwallo yana tafiya nesa, don haka ina maraba da masu bugun Colorado Rockies, masu jifansu kuma in bar wa maƙwabci.

Ba na musun cewa ƙa'idar tawa tana da inda take lanƙwasa. Aaron Judge ya ji rauni a yatsan ƙafa a 2023, wasa 106 ya buga, amma ya fitar da ƙwallo sau 37, ya dawo a 2024 da 58. Irinsa da Shohei Ohtani, wanda ya haɗa 54 a fitar da ƙwallo da 59 a satar tasha a 2024, ko rabin kaka suka ba ka sun fi cikakkiyar kakar mutane da yawa, kuma idan suka iso gabana zan ɗauka. Sai dai mai amfani da manhajar Yahoo ya lura cewa an raba Ohtani gida biyu, mai bugu daban mai jifa daban, kada ya danna wanda bai nufa ba.

Ƙanena ya riga ya sanar a zaurenmu na WhatsApp cewa bana shi zai ɗauki Acuña, wai gwiwa biyu gare shi kuma an gyara duka biyun. Ni dai na rubuta sunansa a takardata, amma a ƙasan Ramírez.