Ranar cire wayar haƙora

Yau a Garwa aka cire wa ƙanwata wayar daidaita haƙora, sai ta dubi madubi ta yi shiru, domin haƙoranta ba su jeru kamar na ƙawarta ba, alhali tare suka fara. Likitan ya ɗauko hoton ƙashin bakinta na farko, ya bayyana mata cewa cunkoson haƙora yana da sauƙin gyara, amma ita muƙamuƙinta na ƙasa ne ya zarce na sama, kuma idan ƙashi ya gama girma, waya haƙora kawai take motsawa, ƙashin sai tiyata.

Da yamma na gan ta tana gutsurar kilishi da haƙoran gaba, abin da ya gagare ta a da. Ni kam, a wurina aikin ya yi.